Rassa Shida Daga Kabo

Duk wanda ya san Malam Dalhatu a Kabo ya san shi da abu biyu: ba ya ɗaukar wargi a kan mudu, kuma yana da furen wardi a tsakar gida. Na farkon sabon abu ne. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano mutanen unguwa suka saka shi cikin kwamitin da ke zaga kasuwa, ana duba mudun da aka bubbuge wa gindi da buhun da aka yi wa algus, shi kuwa ya riƙe aikin nan kamar don shi aka ƙirƙiro shi. Na biyun ya daɗe, don ya girmi autarsa.

Shi da amininsa Malam Haladu, mutumin Gwarzo, tare suka yi aiki a wani gandun rainon itatuwa. Shekara goma sha ɗaya suna auren mangwaro da lemo, wato a yanko toho daga iri mai kyau a ɗaura shi a jikin dashe mai ƙarfin saiwa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rufe gandun, rana ɗaya aka miƙa musu takardar sallama. Abin da suka fito da shi bai wuce almakashi da wuƙar aure ba, sai wardin da ke gaban ofis, wanda ba mai tambayarsa. Suka tone suka raba. Haladu mai son ƙyalli ne, ya kwashi masu haske, rawaya da fari da ruwan hoda. Dalhatu ya ɗauki guda ɗaya tak, wata ja mai duhu wadda ƙamshinta ke tarar baƙo tun daga zaure. Haladu ya dube ta ya ce wannan ai launin hanta ne. Sunan kuwa ya bi ta, har Marka matar Dalhatu Hanta take ce mata.

Daga nan suka kafa al'adarsu. Duk shekara idan damina ta ɗauke, Haladu zai zo Kabo wata Asabar su yi wa Hanta aski, wato rage rassa, tare da 'yan shukokin da Dalhatu ya ƙara daga baya, Asabar ta gaba Dalhatu ya je Gwarzo. Idan sanyi ya kankama furanni suka buɗe sai su sake ziyartar juna, kowa ya kushe na ɗan'uwansa son ransa, a ci tuwo, a rabu. Mutane sun yi musu dariya har sun gaji. A lokacin da ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, ga dattawa biyu suna shayar da abin da ba a miya da shi. Dalhatu bai taɓa tsayawa gardama da kowa ba, sai dai ya ajiye daro a bakin rariya ya kafa doka cewa duk mai alwala a gidan a kan daron zai yi. Da ruwan alwalar mutum bakwai Hanta ta rayu shekara goma sha bakwai.

A faɗi gaskiya, Dalhatu ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ya cika gyara, ba ya mantuwa, kuma idan ya yi fushi sai ya yi shiru ya bar mutum ya nemo laifinsa da kansa. Irin wannan ba ya tara abokai. Haladu ne kawai ya iya da shi, shi ne kawai zai ce masa "kai dai ka cika baƙin rai" ya yi dariya maimakon ya haɗe fuska. Abin da Dalhatu bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, yana so a ce shi ma haka yake a wajen Haladu, ba na biyu. Wannan gurbin shi ne dukiyarsa, kuma bai taɓa zaton akwai mai taɓa shi ba.

Sai ga shi a shekara ta biyu da Shari'a, Haladu ya zo aski da mutum a bayansa.

Aka gaisa a zaure, aka tambayi gida da iyali da gajiyar hanya da yadda damina ta kaya, sannan Haladu ya ce, "Mutumina, wannan Sajo ne. Mutumin Kutama ne, bara ya sayi gidan da ke jikin nawa. Yana da 'yan shanunsa, duk takin da furannina suka yi ƙiba da shi bana nasa ne. Yanzu kuma ciwonmu ya kama shi."

Sajo dogo ne siriri, zai yi shekara hamsin, mai magana a hankali. Ya russuna ya gaida Dalhatu, ya ce ya daɗe yana jin labarin Hanta a bakin Malam. Dalhatu ya amsa masa da "madalla" guda ɗaya wadda ko maƙogwaro ba ta wuce ba.

Tun daga nan ya fara tara laifi. Wajen tsallake dokin ƙofa Sajo ya riƙe gwiwar hannun Haladu. Da Marka ta aiko da fura, Sajo ne ya ɗauki ludayi ya saka wa Haladu a hannu. Duk wannan Dalhatu ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa shi ne lokacin da Haladu ya zaro almakashinsa na gandu, wanda ko ɗan cikinsa ba ya bari ya taɓa, ya miƙa wa baƙon.

"Yau Sajo zai yi," in ji shi. "Ni zan zauna in yi ta ba da umarni kamar shugaban gandu."

"Ba a koyon aski a kan Hanta," in ji Dalhatu, ya wuce ya kama aikin shi kaɗai.

Mai kwanciyar hankali da ya tambayi kansa me ya sa Haladu, wanda ba ya iya ganin reshe ya karkace bai datse shi ba, yau ya zauna a tabarma ya naɗe hannu. Dalhatu bai tambaya ba. Abin da ya gani kawai shi ne an yi sabon aboki, an kawo shi har gida ana nuna masa. Yana datsa yana jin dariyarsu a bayansa, kuma ya lura labaran gandu ne Haladu ke bayarwa, labaran da su biyu suka rayu a ciki, Sajo yana ƙarasa wasu tun kafin a kai ƙarshe. Wato har an ba shi su sau da yawa ke nan.

Ita Hanta mai aure ce. Daga ƙasa saiwar wardin daji ce, daga gwiwar da aka ɗaura zuwa sama ne take Hanta. Duk damina sai na dajin ya ɓullo da nasa rassan ta ƙarƙashin gwiwar, dogaye masu yawan ƙaya, ganyensu ƙanana bakwai-bakwai a jere maimakon biyar. Su ake fara cirewa ranar aski, don in an bar su shanye shukar suke yi, kuma ba sa fure, in ma sun yi to wani ɗan fari ne mara ƙamshi. Dalhatu ya cire su ya tara gefe guda, rassan Hanta na gaskiya da ya rage mata ya tara a wani gefen.

Bayan an yi azahar an ci tuwo Haladu ya gyara murya ya ce, "Mutumina, Sajo yana son reshen Hanta. Ka yanko masa ko guda shida ne ya gwada hannunsa."

Dalhatu ya ji maganar har tsakiyar kansa. Shekara goma sha bakwai Haladu bai taɓa roƙar wa kansa ko tsinke ɗaya ba, zagi kawai yake yi mata. Yau ya buɗe baki ya roƙa, don wani.

"Ashe hantar ta yi daɗi," ya ce.

"Ba ni ba, shi," in ji Haladu, yana dariya yana kau da kai.

Tsakanin masu shuka ba a hana reshe, wanda ya hana kuwa ya yi abin faɗa har ya mutu. Dalhatu ya tashi ya je ya tsaya tsakanin tarin nan biyu, ya ba baƙin baya. Bai daɗe yana shawara ba. Ya sunkuya ya zaɓi rassa masu kauri daga na dajin, ya zage musu ganye da wuƙa kamar yadda ake yi wa kowane reshen dashe, ya kankare ƙayar, ya yanka su taƙi-taƙi guda shida, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Idan aka zage ganye ba mai bambance su sai wanda ya yanka. Ko ɗar bai ji ba, shi da shekaranjiya ya tsayar da mai gero a kasuwa yana karanto masa azabar masu tauye mudu. Ya miƙa wa Sajo, Sajo ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya.

Da suka tafi daɗi ya ji, ba sai an ɓoye ba. Ya zauna yana hango Sajo yana ɗibar ruwa yana zuba wa ƙaya wata da watanni, yana leƙa toho kullum da safe. Marka ce ta ɓata masa lissafi da ta zo shara.

"Malam, na ga na dajin ne suka ragu, na Hanta kuwa suna nan yadda ka tara su."

"Shara aka sa ki ko ƙirga?"

Ta dube shi, ta ci gaba da shararta.

Asabar ta zagayo bai je Gwarzo ba. Ya ba wani direba saƙo cewa aikin kwamiti ya riƙe shi, ga shi kuma kuɗin mota ya tashi. Ya gaya wa kansa cewa tunda akwai mai riƙe almakashi a can, me za a yi da shi. Can ƙasan zuciyarsa kuma ya san ba ya son haɗa ido da Sajo. Bayan wata biyu direban ya kawo amsa: Malam Haladu yana gaisuwa, ya ce a faɗa masa duk shidan sun kama. Dalhatu ya ja tsaki. Na daji ai ko a kan juji aka jefa shi kamawa yake.

Sanyi ya zo ya wuce, bai je ganin furannin Gwarzo ba, Haladu ma bai zo ganin nasa ba. Nasa rashin zuwan bai gani ba, na Haladu kuwa ya ƙulla shi a rai. Da bazara aka yi wani ɗaurin aure a Dugabau, can ya hango Haladu zaune a ƙarƙashin rumfa, Sajo a gefensa ya sunkuya yana gaya masa wani abu. Zuciyar Dalhatu ta yi sanyi ba da saninsa ba. Ya matsa har tsakaninsu bai fi taku goma ba, ya ɗaga hannu. Fuskar Haladu tana kallonsa sosai, amma ko gira bai motsa ba, sai ma ya juya ya yi wa maganar Sajo dariya. Dalhatu ya sauke hannunsa. Ko goro bai tsaya karɓa ba ya kama hanyar gida, kunya da baƙin ciki suna cinsa.

Sau biyu Marka tana cewa, "Malam, an ce fa Malam Haladu…" Sau biyun yana katse ta. Na biyun ya ce duk ranar da ta ƙara kawo masa zancen Gwarzo to ta shirya bin zancen can. A majalisa ma haka, da an ambaci sunan sai ya tuna yana da uzuri. Mutane suka gane suka daina, ya zama a duk Kabo shi ne ƙarshen mai jin labarin amininsa.

Kishi kuwa bai bar shi ya huta ba. Yana zuba wa Hanta ruwa da yamma sai ya ga su biyun a tsakar gidan Gwarzo, kwano ɗaya a gabansu, Haladu yana kushe furen Sajo kamar yadda yake kushe nasa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, a ce har kushen ma an ba wani. Sai ya tuna da ƙayoyi shida da ke girma a gidan Sajo ya ɗan ji sauƙi, sauƙin da ba ya kai shi magariba.

Damina ta ɗauke, Asabar ɗin aski ta zo. Ya sa an share tsakar gida, ya ce wa Marka ta ƙara hannu a tuwo, wai ko almuru wani zai faɗo. Ya zauna a zaure har la'asar, ba Haladu ba saƙonsa. Washegari ya yi askin shi kaɗai, cikin fushi, ya datse Hanta fiye da yadda ya saba. Ita kuwa da sanyi ya shigo sai ta yi furen da ba ta taɓa yin irinsa ba, manya-manya, har maƙwabta mata suna aiko a sam musu ɗaya su saka a akwatin kaya. Ba wanda ya ce masa launin hanta ne, duk yabo ake yi, yabon kuma bai yi masa daɗin komai ba.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama, ya fito ya tarar da Sajo tsaye riƙe da babur. Sajo ya gaishe shi da ladabi kamar kullum suna haɗuwa, sannan ya ce, "Malam ne ya ce in zo in roƙe ka, don Allah ka je yana son ganinka."

Dalhatu ya bar shi tsaye ya shiga gida. Ya yi wanka a tsanake, ya sa rigarsa ta Juma'a, sannan ya zaɓi furen da ya fi kowanne girma a jikin Hanta ya yanke ya saka a aljihun ƙirji. Ba kyauta ya yi niyya ba, so yake su shaƙi abin da suka rasa. Da ya fito ya ce shi ba ya hawan babur, mota zai bi. Suka je tasha suka tarar ana wahalar mai, ba motar da za ta tashi kafin azahar. Haka dole ta sa ya hau bayan Sajo, yana riƙe da ƙarfen baya don kada ya taɓa shi, har suka shiga Gwarzo.

A zauren Haladu ne Sajo ya tsaya ya juyo.

"Malam, kafin mu shiga. Idanunsa sun tafi. Tun kafin zuwanmu Kabo suka fara, yanzu ko hasken rana da ƙyar yake ganewa. Mun je Kano sau uku, likita ya ce an makara. Ya hana a aiko maka, wai kada ka zo kana yi masa kallon tausayi." Ya ƙara sauke murya. "Kuma don Allah, duk abin da ya faɗa a kan rassan nan, ka bar shi a haka."

Dalhatu ya dafa bango. Ludayin nan, da almakashin nan, da hannun da ya ɗaga a Dugabau, duk suka dawo masa a tare. Ya bi Sajo ciki kamar wanda ake ja.

Abin da ya fara gani su ne. Ba a gidan Sajo suke ba. Ga su nan su shida a jere a gindin tagar ɗakin Haladu, daidai inda yake shimfiɗa tabarmarsa, an yi musu kwarin ruwa an zuba taki an kewaye da kara. Sun yi tsawo sun wuce mutum, sai ƙaya da ƙananan ganye, ba ko toho ɗaya. Haladu yana zaune a ƙarƙashinsu da carbi a hannu, ya rame, fuskarsa tana fuskantar inda ba kowa.

Suka gaisa. Dalhatu ya zauna a bakin tabarma. Ba su gama tambayar iyali ba Haladu ya ɗaga kai ya ja numfashi ta hanci, fuskarsa ta washe.

"Ka zo da ita."

Dalhatu ya zaro furen ya saka masa a tafin hannu. Haladu ya kai hanci ya daɗe a haka, yana shafa gefen furen da babban yatsa.

"Ƙarya na yi maka, mutumina," ya ce. "Ba Sajo ke so ba, ni ne. Nawa duk na kallo ne, ka sani, ba mai ƙamshin kirki a cikinsu. Da na ga duhu yana matsowa na ce bari in samu wanda zai amfane ni ina zaune. To shekara goma sha bakwai ina zaginta, da wane baki zan roƙa? Sai na laƙa wa Sajo."

Dalhatu ya sunkuyar da kai, Haladu ya ci gaba.

"Ga kuma abin da ya sa na kira ka. Mun wulaƙanta kyautarka. Da damina na ji sun yi tsawo da yawa, na shafa ganyen na ƙirga, na ji bakwai. Na tsare Sajo, ya ce shi ne. Wai ya jiƙa ƙullinka a bokiti har ranar da ya yi wa nawa aski, suka cakuɗe da na dajin da ya cire, ya dasa waɗannan ya zubar da naka. Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba, yana zuwa yana kai ni masallaci yana dawo da ni. Shi ya sa ban zo aski ba, nauyinka nake ji." Ya lalubo gwiwar Dalhatu ya dafa. "Amma ba a yi asara duka ba. Saiwarsu ta yi ƙarfi, ka san ba abin da ya fi su karɓar aure. Ka zo da tohon Hanta ka ɗaura musu. Ni na tashi aiki, Sajo kuwa ka ga irin nasa. A mutanen gandu kai kaɗai ka rage."

Ga duk abin da Dalhatu ya shekara yana nema an ajiye masa a gaba. Ana buƙatarsa, an kira shi, an ƙasƙanta Sajo a kan idonsa. Abin da ya rage kawai ya ce to, ya dawo jibi da wuƙar aure, komai ya koma yadda yake.

Ya ɗaga kai ya dubi Sajo. Yana tsaye a jikin bango, hannuwansa a baya, ya girgiza masa kai kaɗan alamar ya yi shiru. Mutumin nan ya san wanda ya yanka rassan, ya san bai taɓa jiƙa su a wani bokiti ba. Ya ɗauki zagi da gaba ta wata biyu a kan abin da bai yi ba, don kada makaho ya rasa amininsa. Sai wani sabon kishi ya taso wa Dalhatu, wanda ya fi na da zafi. Ba almakashi kawai Sajo ya karɓe ba, har a iya abota ya wuce shi. In ya yi shiru, duk ranar da ya zauna a tabarmar nan to da alfarmar Sajo ya zauna, kuma Sajo zai sani, shi ma zai sani.

Za a so a ce tsoron Allah ne ya buɗe bakinsa. Akwai shi a ciki, amma ba shi ya fi yawa ba. Ya kasa jure a ce Sajo ne zai ba shi Haladu kyauta.

"Ba Sajo ba ne," ya ce. "Ni ne. Na dajin na ba shi."

Hannun Haladu bai bar gwiwarsa ba tukuna. "Kuskure ka yi wajen ɗauka. Tari biyu ne a gabanka, kowa zai iya."

"Ba kuskure ba ne. Ina sane na zaɓa. Na ɗauka shi za ka ba."

 Haladu ya janye hannunsa a hankali. Ya ajiye furen a kan tabarma.

"Wato da ka san ni ne, da na gaskiyar ka bayar."

"Wallahi da har saiwar zan tono maka."

"To shi me ya yi maka?"

Dalhatu ya dubi ƙasa. Ya duba duk cikin shekarar nan da ya yi yana tara laifi, bai sami ko guda ɗaya da zai iya faɗa da babbar murya ba.

"Sajo," in ji Haladu.

"Na'am, Malam."

"Matso nan."

Sajo ya zo ya durƙusa. Haladu ya lalubo hannunsa ya riƙe da hannu biyu. "Ka yafe ni. Abin da na faɗa maka, da gabar da na yi da kai."

"Ba komai, Malam, ya wuce."

"Da komai." Ya ƙara damƙe hannun. "Gobe in Allah ya kai mu ka tuge su duka shidan. Ka zuba mana yakuwa a wurin."

"Haladu," in ji Dalhatu, "ka bari in ɗaura musu. Mako uku za ka ji sun kama, baɗi war haka…"

"Malam Dalhatu, an gode da ziyara. Allah ya ba da ladan zumunci. A gaida mutanen gida."

Da murya mai taushi ya faɗa, irin wadda ake sallamar baƙon da ya zo dubiya. Da zagi ne da Dalhatu ya san yadda zai yi da shi. Ya ɗan ƙara zama ko za a ce wani abu, ba a ce ba. Sajo ya yunƙura zai tashi ya ɗauko babur, Dalhatu ya ce ya bari, ya san hanyar tasha. Ya saka takalmansa ya nufi zaure a hankali, yana jan ƙafa ko za a kira sunansa. Ba wanda ya rako shi, don Haladu bai saki hannun Sajo ba.